Farashin Jaɓɓo

Illela, 5 ga Nuwamba

Aminina Sharafuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskarka ba. Yaya ƙarfin jiki, yaya idon da aka yi wa aiki? Ina Hajiya da jikoki? Allah ya sa kowa na lafiya. Ni dai ga ni nan, ƙafa ta ƙi, kunne ma ya bi sahunta. Shi ya sa ka ga takarda maimakon kira. In ka yi magana a waya, ba abin da nake ji sai kamar ƙuda cikin kwalba. Direban da ya kawo maka wannan yana zuwa kasuwarmu duk Lahadi, sai ka ba shi amsa.

Ka tambayi wanda ke duba ni tun rasuwar matata Maimuna. 'Yata Hawwa na aiko da abin da ya sawwaƙa daga Kaduna, kuma tana matsa mini in koma wurinta. A bene suke zaune, ni kuwa ko dokin ƙofa sai na yi shawara kafin in tsallake.

Amma kada ka ɗauka ni kaɗai nake yini. Shekara biyu ke nan akwai mutum a shagon ƙofar gidana, ɗakin nan da muke sauke ka. Sunansa Jaɓɓo, Bafulatani ne daga rugar da ke can bayan tafkin Kalmalo, ya haura talatin. Shi ne golan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, Bakin Iyaka. Da hantsi yana aiki a kara wurin dillalan shanu. Shi ke kama hannuna zuwa masallaci da asuba, kuma in ya dafa shayi ba ya kai baki sai ya zubo mini.

Saboda shi, kowace la'asar bencina biyu cika suke yi da magoya bayan ƙungiya. Manyansu Zayyanu tela da Marwa mahauci, waɗanda ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. Makon nan abin ya yi zafi, domin Masunta, ƙungiyar Kalmalo, sun aiko cewa za su ba da matasan 'yan gaba biyu a ba su Jaɓɓo. Zayyanu ya ce a karɓa da hannu biyu, gwiwar Jaɓɓo ba za ta wuce kaka biyu ba. Marwa ya miƙe tsaye ya ce, “Kai da ba ka san farashin komai ba sai yadi, mi ka sani game da gola? Yaro goma ba su kai hannun Jaɓɓo guda ba!” Zayyanu ya ce ai ba mamaki, tsohuwar saniya Marwa ke saye kullum, shi ya sa namansa ya ƙarar da haƙoran unguwa. Aka yi dariya har da ni. Jaɓɓo kuwa yana gefe yana ɗinke safar hannunsa, ana yi masa kuɗi kamar bijimi a kara, bai ɗago kai ba. Da na ji ana ƙirga wa mutum sauran shekarunsa a gabansa, sai na tuna ranar da aka miƙa mana takardar ritaya.

Daga nan suka koma kaina. Ka tuna dokar da na rubuta wa kwamitin gasar shekara tara da suka wuce, lokacin da wani attajiri ya kwashe 'yan wasan kirki kaf har ƙauyuka suka daina zuwa? Ba ƙungiyar da za ta ba ɗan wasa fiye da naira dubu sittin a kaka ɗaya, kuɗi ne ko abin da ke madadin kuɗi. Marwa ya ce dokata ce ke sa yaranmu tsallakawa Ƙonni su karɓi sefa. Zayyanu ya ce ba don ita ba, da kofin ya zama kayan ɗakin mai kuɗi ɗaya. Na bar su suna yi. A shekaruna, a yi gardama da sunanka ma alheri ne.

Ƙarshenta dai Alhaji Dabo, ɗan kasuwar albasa da ke riƙe da ƙungiyar, ya ce ba ya musaya. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara baki ɗaya.

Naka har kullum,
Halliru

Illela, 19 ga Nuwamba

Aminina Sharafuddeen,

Bayan sallama da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, na samu takardarka da man zafin da ka haɗo. Allah ya saka. Na ji daɗin cewa yanzu kana karatu ba sai an riƙe maka fitila ba.

Akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, har Hawwa. Kai ne ka san ni tun muna ɗalibai a kwalejin horar da malamai, don haka kai zan faɗa wa.

Sakataren Masunta ya kai ƙara gaban kwamiti. Ya ce Jaɓɓo na karɓar dubu sittin cif, ga kuma ɗaki. In ƙungiya ce ke biyan ɗakin, to ta haura doka. Hukuncin ma ni na rubuta shi: a cire wa ƙungiyar maki shida, ɗan wasan kuma ya zama ba igiyar kowa a wuyansa, ya tafi inda yake so. Kwamiti zai zauna ranar Asabar ta ƙarshen wata, kuma sun kira ni. Tambaya ɗaya ce: wa ke biyan ɗakin?

Unguwa duka ta san don Allah na ba shi. Ni da bakina na sha faɗin haka. Marwa har rantsuwa ya yi a kai jiya, ya ce in Malam Halliru ya yi ƙarya to gari ya ƙare.

Sharafuddeen, tun watan da Jaɓɓo ya shigo, duk bayan wata uku Alhaji Dabo na aiko mini da buhun gero. Bai taɓa cewa haya ce ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kafin Jaɓɓo kuwa, shekara ashirin muna unguwa ɗaya, ko kwanon albasa bai taɓa aiko mini ba. Ni na rubuta “abin da ke madadin kuɗi”. Na san abin da nake nufi ranar da na rubuta.

Alhamis Alhaji ya zo da kansa. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi ƙafa, ya tambayi Hawwa. Sannan ya ce, “Baba Malam, ai tsakanin ɗa da uba ba haya, kyauta kyauta ce.” Da zai sa takalmi sai ya ƙara da cewa yana tausaya mini, in wanga yaro ya tafi, wa zai riƙa leƙo ni. Bai yi ƙarya ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Da ma a nan maganar ta tsaya, da na san yadda zan lallashi zuciyata. Amma mai nonon da ke kawo mini fura 'yar rugarsu ce, ita ta ba ni labari. Mahaifin Jaɓɓo, wanda ya girme mu, ya faɗi a mashayar shanu tun damina, gefen jikinsa ɗaya bai dawo daidai ba. 'Yan'uwan Jaɓɓo sun yi kudu da garke, sun bar tsohon da matarsa da 'yan shanu huɗu. Daga filin Masunta zuwa rugar tafiyar ƙafa ce. Daga nan Illela kuwa, kuɗin babur kullum ya fi ƙarfinsa. In ya gudu ba tare da an sake shi ba, za a hana shi wasa sauran kaka biyun da ya sa wa hannu, kuma da abin da yake samu a raga ake sayen dusar shanun da maganin tsohon.

To ka gani. Tsofaffi biyu ne, Jaɓɓo guda.

Ka ba ni shawara, amma a hankali.

Naka,
Halliru

Illela, 26 ga Nuwamba

Sharafuddeen,

Salamun alaikum. Ina fata kun wayi gari lafiya, da Hajiya da duk wanda ke ƙarƙashinka.

Na karanta amsarka. Layi uku: in faɗi gaskiya, Allah na tare da ni. Na sani, Malam. Ni ma shekara talatin da biyar ina faɗa wa 'ya'yan mutane haka. Amma kana rubuta shi ne a gidan da mutum goma sha huɗu ke kwana, inda in ka yi tari sai uku sun taso. Ni in na faɗi a banɗaki ranar Talata, sai mai nono ta zo Alhamis. Ka yi haƙuri, ba faɗa nake yi da kai ba.

Shekaranjiya muna dawowa daga masallaci na tambayi Jaɓɓo ko yana son komawa Kalmalo. Ka san halinsu da kunya. Ya ce duk yadda Allah ya yi daidai ne. Na ce ba Allah na tambaya ba, shi na tambaya. Da muka iso ƙofa, ya gyara mini tabarma, ya ce in zauna a hankali akwai tsakuwa.

Sai daga baya wani abu ya faɗo mini. Shi ke kai mini geron nan wurin niƙa. Buhun kuwa da tambarin Alhaji a jikinsa ɓaro-ɓaro. Ya sani tun farko. Kalma ɗaya zai faɗa wa mutanen Kalmalo ya tsira, amma da ya faɗa, ni ne zan zama maƙaryaci a idon unguwa. Shi ya sa ƙarar tasu ba ta da shaida, zato kawai suke yi.

A ƙofar gida kuwa gardama na nan. Yanzu an koma kan ko gola ya fi ɗan gaba daraja. Ban sa baki ba. Zayyanu ya tambaye ni ko jikin ne, na ce jikin ne.

Ka sa ni a addu'a ranar Asabar.

Halliru

Illela, 10 ga Disamba

Aminina Sharafuddeen,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ido na ƙara washewa, Hajiya da jikoki kuma suna lafiya. Ka yafe mini zafin takardata ta baya.

An zauna a firamaren da na yi hedimasta, a ajin da ke kusa da bishiyar darbejiya. Mutane har ta taga. Shugaban kwamiti ɗalibina ne, ya ce ba sai na tashi tsaye ba, amma na tashi. Ya yi tambayarsa. Na ce ɗakin ba kyauta ba ne, buhu takwas na karɓa, kuma abin da na riƙa faɗa wa unguwa ba daidai ba ne. Na so in ƙara bayani, sai na ga babu sauran abin faɗa, na zauna.

Ba a yi hayaniya ba, da an yi ma da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya kaɗe rigarsa ya fita. An cire mana maki shida tun ba a buga wasa ko ɗaya ba, aka saki Jaɓɓo, kuma matasan nan biyu da aka yi mana tayi da farko ba mu samu ko ɗaya ba.

Jaɓɓo ya tafi Juma'a bayan an sauko. Ya share ɗakin, ya cika mini randa da tulu, ya fasa itacen da zai kai ni wata guda. Ya durƙusa a gabana. Na ce ya gaishe mini da tsohon, ya gaya masa wani tsoho a Illela ya riƙe masa kayansa fiye da kima, ya yafe. Ban raka shi bakin titi ba, ƙafa ba ta bari ba.

Majalisa ta koma shagon Zayyanu. Kwana huɗu ba wanda ya yi mini sallama sai mai nono. Sallar asuba a ɗaki nake yi. Na ɗauko takarda har sau biyu zan rubuta wa Hawwa ta zo ta ɗauke ni, na mayar.

Ran na biyar da la'asar sai ga Marwa, ko wuƙarsa bai ajiye ba. Ya ce ba gaisuwa ta kawo shi ba, ya zo ne ya gaya mini na sa ya yi kaffarar rantsuwa, na kashe ƙungiya, kuma sabon golan da aka sa ko kaza aka jefo masa ba zai kama ba. A tsaye ya fara. Na ce laifin ƙaryar nawa ne, na karɓa, amma dokar ba ta da laifi. Ya ce dokar ce uwar laifin, dubu sittin ta shekara tara da suka wuce yau ko akuya ba ta saye, dole mai ƙungiya ya bi ta bayan gida. Na ce to a ɗaga adadin, ba a rushe katangar ba. Ya ce mi na sani, ni da ban taɓa buga ko lemo ba. A nan ya jawo benci. Bai tashi ba sai da rana ta yi ja, kuma ya ce kada in ɗauka ya gama, gobe zai dawo da sauran.

Ya dawo, jiya ma ya zo. Har yanzu bai gaishe ni ba.

Yau da hantsi na zauna na tsara masa amsoshi a takarda, hujja bakwai, kowace da misalinta. In na zube masa su gaba ɗaya, ina jin zai rasa ta cewa ya tafi. Don haka ɗaya-ɗaya zan riƙa ba shi, kuma mai ƙarfin cikinsu sai ƙarshen wata.

Ka gaishe da Hajiya ƙwarai, ka shafa mini kan jikoki. Allah ya sada mu da alheri.

Amininka,
Halliru Yari