Na Share Ɗakinka, Maiwada

Ketaren Gwari, Minna
Maris, 1949

Zuwa ga jikana Maiwada, angona da ya gudu ya bar ni ba cefane,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da kishiyata Lauratu da jaririyar da ban taɓa gani ba. Allah ya raya ta, ya sa kada ta ɗauko kunnuwanka, ya tsare ku daga zazzaɓin Fatakwal. Mu nan zafi ya sa mu gaba, ruwa bai sauka ba tukuna. Uwarka Saudatu tana nan, sai dai ta rame. Ni kuwa gwiwa ce take yi mini gardama, baki dai lafiyarsa lau. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon ajin matan mishan ne, kamar kaza ta bi ta kan rairayi.

Takardarka ta iso, har da hoton da ka karkace hannu don mu ga agogo. Mun gani, Allah ya sanya albarka. Ka ce aikin tashar jirgin ƙasa ya yi yawa, ba ka da lokaci, hutu sai baɗi. To buɗe kunnuwan nan naka. Ubanka Ayuba ba shi da lafiya, ba kuma irin wadda ake shan jiƙo a tashi ba ce. Ƙafafunsa sun kumbura, in ya kwanta numfashi ba ya isarsa, a zaune yake barci. Guntun ƙarfen reluwen nan da yake bugawa don addu'ar safe tun kafin a haife ka, yanzu ƙanensa Ndatsu ne yake bugawa, ba ya kuma bugawa daidai. Har Altine mai kawo mana nono daga Tudun Fulani ta tambaye ni me ya sami ƙarfen, ta ce da shi take sanin ko ta makara. Malamin asibiti ya ja ni gefe ya ce kada mu sa rai ubanka ya ga sabuwar doya.

Ba ciwon ne ya fi cinsa ba. Ka san ƙa'idar ikilisiyarmu: wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuci ba ya miƙa hannu ga Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon nan da ake rabawa a coci, sai sun shirya, ido da ido. Tun ranar da ya ce wanda ya bar gonar doya ya bi ƙarfen Bature kada ya sake taka masa ƙofa, kai kuma ka ce ka ji ka yarda, ubanka bai ƙara cin Jibi ba. Ba wanda ya hana shi, shi ya hana kansa. In an zo da ƙoƙon sai ya sunkuyar da kai ya bari ya wuce, ni kuma ina bayansa ina jin kamar in ranƙwashe shi. Fasto zai zo ranar Ista ya ba da Jibi, daga nan kuma sai bayan damina. Ndatsu ya ce wa ubanka a aika maka da takardar yafewa, shi ke nan. Ya ce a'a, bakin da ya kori yaro a ƙofa, shi ne zai kira shi a ƙofa. Taurin kan nan dai ba a wurina kuka gada ba, na kakanka ne, Allah ya ji ƙansa.

Kai da ka san sa'ar kowane jirgi, bari tsohuwa ta koya maka lokaci. Ka ce ba ka da shi. Wa yake da shi? Mu abin da muka gaskata shi ne kwanaki na Allah ne, yana gutsuro mana ɗaya-ɗaya kamar yadda nake gutsuro maka ƙosai kana ƙarami, ba ya ba mu kwano gaba ɗaya. Baɗin da kake magana, wa ya sa maka ita a aljihu? Aiki ba laifi ba ne, Allah da kansa ya yi aiki, amma ya huta, kuma kowane abu da ranarsa. Doyar da aka shuka bayan ruwa ya ɗauke, ko irin sarki ne, ba ta fitowa. Agogonka yana faɗa maka ƙarfe nawa, ba ya faɗa maka na mene ne. Wannan lokacin na sulhu ne. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana. Da na sani kuwa ƙeya ce, a baya take.

Yanzu ga abin da na yi, in ka ga dama ka yi fushi. Ranar Asabar na fitar da kwandunan da aka jibge a ɗakinka, na share, na yaɓe ƙasan, na sayo sabuwar tabarma na shanya a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Ban ce wa kowa za ka zo ba, ni ba na ƙarya a kwanakin azumi. Wanda ya tambaya sai in ce ɗaki ne ya yi datti. Kafin la'asar labari ya kai Dutsen Kura cewa Maiwada yana hanya. Ubanka bai tambaye ni kome ba, amma ranar ya shanye kunu, ya sa aka yi masa aski. Tun daga ranar, da ya ji kukan jirgin Kaduna, wanda mutanen Fatakwal suke biyowa, sai ya ce a fitar da kujerarsa ƙofa, wai iska yake so. Yakan zauna har masu kaya su gama wucewa, sannan ya ce iskar ta ishe shi. Jiya da ƙyar aka mai da shi ciki.

Ka je wurin manyanka ka faɗa musu gaskiya, in sun hana, ka sake komawa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ni kuwa na tsufa da jin kunya.

Saudatu tana gaishe ka, ta ce kada ka tsaya sayen tsaraba. Ndatsu da Altine suna gaisuwa. Ka gai da Lauratu, ka shafa mini kan jaririya. Ubanka bai ce a gaishe ka ba, ya dai tambayi uwarka ko har yanzu kana son sakwara da miyar agushi.

Ni ce matarka ta fari, mai jiran cefane kafin Ista,
Kakarka Azumi