Gahawar da Nariman Ta Ƙi Sha

Anabta, lokacin tsinkar zaitun

Zuwa ga mijina abin ƙaunata, Abu Bisan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Sharja, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini alhali ka gaya wa Hajiyarka? Mu nan lafiya lau. Hajiya tana gaishe ka, ƙafarta dai da sauƙi-sauƙi, bakinta kuwa garau yake.

Ƙanenka Hazim zai ƙetare gadar kan iyaka jibi a hanyarsa ta zuwa wurinka, na ba shi gwangwanin sabon man zaitun da garin yaji na za'atar da wannan takarda. Ka san wayar Juma'a a ɗakin Hajiya take, ba na iya cewa komai tana zaune tana jan carbi, kunne a buɗe.

Na kai 'yarmu Bisan asibitin Ramalla kamar yadda ka nace. Gaskiya abin ya canza. Ka tuna da, sai mu jira likitocin waje su zo na mako guda a shekara, mu yi layi, su ɗinke su hau jirgi, in ɗinki ya buɗe ba wanda za ka tambaya. Yanzu likitocinmu ne na gida aka haɗa wuri ɗaya: mai tiyata, na haƙori, na kunne, da mai gyaran magana. Dakta Usaid ya duba ta. Ya ce leɓen da aka haife ta da shi a tsage ya ɗinku da kyau, amma ganɗar, wato saman cikin bakin, ta gajarta, kuma akwai 'yar ɓula da ta rage, shi ya sa iska ke gudu ta hanci maganar ta narke. Sai an sake aiki, kuma sai ta yi ta koyon furuci kafin aikin da bayansa.

To, mai gyaran maganar nan ita ce matsalata. Nariman sunanta. Yarinya ce, ko aure ba ta yi ba, sai ƙamshin turare da fara'a kamar an biya ta don ta yi. Ta tambayi Bisan sunanta, na amsa. Ta tambaye ta ajinta, na amsa. A ta uku sai ta dube ni da murmushi ta ce don Allah in ɗan jira a waje. Ni, Abu Bisan. Na zauna a benci ina jiyo dariyar 'yata ta bayan ƙofa, ban san abin da ake wa dariyar ba.

Ina Nariman take lokacin da nake ɗura wa yarinyar nan nono da cokali yana dawowa ta hanci, ina kuka tana kuka? Ina take da matan unguwa suka ƙi zuwa barka, wai ba su san abin da za su ce ba, har kai ka fita masallaci ka ce daga yau a kira ka Abu Bisan, wanda bai so ba ya bari? Shekara bakwai ni ce bakinta. A makaranta, a kanti, a gaban Hajiya, in ta yi magana kowa ni yake duba. Kai kanka a waya sai ka ce, me ta ce? Yau kuma an ce in jira a waje.

Ka gaida abokan ɗakinka. Ka riƙa shafa man a bayan, ba a abinci kawai ba.

Matarka,
Suhad

Anabta, cikin hunturu

Abu Bisan, mijina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata mai ya isa ba a zubar ba, kuma jikinka ya yi sauƙi. Nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, ɗakin baya ya soma yoyo a wurin nan da ka ce ka gyara.

Gidanka ya koma gidan Malama Nariman, ko da ba ta taɓa taka shi ba. Malama Nariman ta ce, Malama Nariman ba ta so. Ta ba Bisan ɗan madubi tana karawa a ƙarƙashin hanci, in ta yi magana madubin ya yi hazo, to iska ta bi ta hanci, sai ta sake. Tun safe take zaune da shi. Ta ƙarar mini da kyandir wajen koyon hurawa, har yau ba ta kashe ko ɗaya ba. Gashinta ma yanzu gefe guda take so a kama mata, irin na malamarta.

An kuma kafa mini doka: kada in ƙarasa mata magana, kada in fassara wa kowa. Ranar nan na aike ta kantin Abu Ratib sayen yis, na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda aka umarce ni. Ta faɗa, bai gane ba. Ta sake, ya miƙo mata ashana. Fuskarta ta yi ja, ta juyo tana dubana, ni kuma kalmar tana bakina, na haɗiye. Mutumin ya ce, Ummu Bisan, yau azumin magana kike? Da muka dawo na shiga kicin na yi kukana. Ita kuwa ranar Talata da gudu ta je ta ba wa malamarta labari, aka manna mata tauraro a goshi, ta ƙi wanke fuska.

Abin da ya fi ci mini rai, zaitun ɗin da ta zauna ta fasa da dutse da hannunta, muka jiƙa a kwalba da lemon tsami da barkono, na ɗauka naka ne. Ashe na Nariman ne. Hajiya ta ce, to mene ne, yarinya ta san mai yi mata alheri. Na ce Hajiya, ni fa? Ta ce ke ai uwa ce, ba a yi wa uwa godiya. Ka ji uwarka.

An sa ranar aikin, farkon bazara. Ni dai ina ganin a bari sai ka dawo hutu. Yarinyar ƙarama ce, ta sha wuƙa tun tana jaririya, kuma mene ne na gaggawa tunda ina jin duk abin da take faɗa? Talata biyu ke nan ba mu je ba. Na ce wa mutanen asibiti sojoji sun rufe hanya. Ai suna rufewa, ka sani, ko da ba ranar ba ce. Kada ka tayar da maganar nan ranar Juma'a a gaban Hajiya.

Allah ya tsare mini kai.

Taka,
Suhad

Anabta, itacen almon ya soma fure

Zuwa ga Abu Bisan,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ga saƙonka ta hannun Hazim, na kuma ji faɗan da ke ciki. Ka ajiye shi, an riga ka.

Nariman ta zo gidan. Ranar Asabar da hantsi, ina shanya, sai ga ta a ƙofa, takalminta duk taɓo. Mota uku ta canza, ta tsaya a shingen sojoji har ƙafarta ta yi sanyi, don kawai ta zo ta ga ko hanyar tamu a rufe take. Ba ta ce mini komai a kai ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Bisan ta ruga ta rungume ta har ta kusa kayar da ita. Ni ban tuna ranar da ta ruga gare ni haka ba, amma ina za ta rugo, kullum muna manne.

Hajiya ta shigar da ita falo. Kafin ka ce me, Ummu Ratib matar mai kanti da matar Hazim sun shigo, wai aron rariya. Na dafa gahawa, na zuba a finjalan nan masu bakin zinariya na aurenmu, don kada a je Ramalla a ce ba mu san baƙo ba. Kowa ya ɗauka. Ita ma ta karɓa, ta yi godiya, sai ta ajiye nata a kan tebur a gabanta, ta naɗe hannu.

Na ɗauka zafi ya yi mata. Hajiya ce ta fara ganewa, ta ajiye carbi ta ce, 'yata, sha gahawarki mana.

Ta ce, "Hajiya, ba zan sha ba sai an biya mini buƙatar da ta kawo ni."

Ka ji fa! Abin da dattawa ke yi in sun zo neman aure ko sulhun jini, da rawunansu da sandunansu, shi yarinyar nan ta zo ta yi mana a falo da jakarta ta makaranta. Ummu Ratib ta kusa ƙwarewa. Hajiya ta tambaye ta buƙatar. Ta ce a kawo Bisan ranar da aka sa. Ta ce jerin yaran da ke jira yana da tsawo, daga Janin har Halil, in ranar ta wuce sai wata shekara, kuma duk shekarar da aka ƙara harshe yana ƙara sabawa da hanyar da ba ita ba.

Hajiya ta ce uban yarinya ba ya nan, uwarta ce mai magana. Duk suka zubo mini ido. Na ce sai na yi shawara. Na ce yarinya tana tari. Na ce hanya. Ita dai tana zaune, ba ta yi musu ba, gahawa tana hucewa a gaban baƙuwa a gidan ubanka, fuskar Hajiya tana canza launi. Wallahi a lokacin na tsane ta. Na tsani haƙurinta, da taɓon takalminta, da yadda 'yata ta jingina da gwiwarta ba da tawa ba.

Sai Bisan ta yi magana. Ka san yadda take in ranta ya tashi, duk abin da aka koya mata ya gudu, kalmomin suka fito ta hanci a dunƙule. Hajiya ba ta gane ba. Nariman ma, da madubinta da takardunta na jami'a, na ga ta karkata kai, ba ta kama ko kalma ɗaya ba. Kowa ya juyo gare ni, kamar kullum, kamar yadda nake so. Ni kaɗai a ɗakin nan na ji, kuma duk abin da na ce ta ce, shi ke nan. Da na ce ta ce tana tsoron asibiti, ba mai ƙaryata ni.

Abin da ta ce shi ne: "Ina so Baba ya ji ni da kansa."

Ban fassara ba. An hana ni ai. Na tashi na ɗauke finjalin da ya huce, na koma kicin na daɗe fiye da yadda gahawa ke buƙata, na kawo sabo mai zafi na ajiye mata. Na ce, sha gahawarki, buƙatarki ta biya. Ta sha, ta ce Allah ya dawwamar da gidan nan, na ce amin ban dube ta ba. Hajiya ta hana ta tafiya sai da ta ci musakhan, gasasshiyar kazar nan a kan gurasa da albasa, ni kuma na zaɓar mata cinyar da ta fi ƙanƙanta.

Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Suhad

Anabta, ƙarshen rani

Masoyina Abu Bisan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Na ji an ɗaga hutunka, ban ji daɗi ba, amma Allah ya sa haka ya fi alheri. Hajiya tana gaisuwa, ta ce ka aiko mata da man ƙafa irin na bara.

Labarin aiki ka sha jin sa a waya, ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya ne ban faɗa ba. Da Bisan ta farfaɗo, idonta bai gama buɗewa ba, hannuna ta laluba. Nariman tana tsaye a ɗaya gefen gadon, na tabbatar ta gani.

Watannin nan mun sha Talata. Yanzu ana barina in zauna a ciki, a kusurwa, da sharaɗin in kama bakina. Madubi ya daina hazo sai jifa-jifa. Ta kashe kyandir a gaban Hajiya, Hajiya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Abu Ratib ya ce da ya san haka take da tsiwa da ya roƙi likita ya bar ta yadda take, don jiya ta ce masa tumatirinsa ruɓaɓɓe ne. An ce akwai sauran aikin dasashi da haƙori nan gaba, duk a wurin nasu. Wata mata daga Ƙalƙiliya ta kawo jaririnta ɗan sati biyu, aka ba ta kwalbar shayarwa ta musamman, aka zaunar da ita aka koya mata. Na tsaya ina kallonta ina tuna cokalina. Na yi mata murna, na kuma ji ƙyashi, duka biyun.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Juma'ar da ta wuce, da ka kira, ka san na miƙa wa Bisan waya na zauna kusa kamar yadda na saba, ina jira ka ce, me ta ce? Ba ka ce ba. Ta dube ni da murmushi, ta rufe bakin wayar da tafinta, ta ce, "Mama, don Allah ɗan jira a waje." Da muryar malamarta, har da karkata kan.

Na fita. Hajiya ma aka fitar da ita, wannan kaɗai ya ɗan sanyaya mini rai. Muka tsaya a tsakar gida mu biyu ƙarƙashin inabi, muna jiyo ta tana ta zuba tana dariya. Da ta fito na tambaye ta, ta ce tsakaninta da babanta ne. Da na karɓi wayar kuma muryarka ta dishe, ka ce mura ce. A Sharja, da rani.

Na gode wa Allah, ka shaida. Na aika wa Nariman tiren kayan zaƙin nan kunafa daga Nabulus, babba, kuma ban cire komai a ciki ba. Amma tun ranar da yarinyar nan ta buɗe baki ba ta taɓa furta maka kalmar da ba ta bi ta kunnena ba, sai ranar Juma'ar nan. Na yi wanki ina tunani, na yi girki ina tunani. Ba zan sake tambayarta ba, kuma ba zan tambaye ka a gaban Hajiya ba. Hazim zai dawo bayan sati biyu, ka ba shi amsa a rufe.

Abu Bisan, don girman Allah, me ta ce?

Matarka mai jiran dawowarka,
Suhad