Sunan da Ba Na Kira

Litinin, 3 ga Maris

Na ga makarantar! Tun daga cikin bas na hango ta: jar ƙofa, ƙaton agogo a goshin gini, bishiyoyi a jere kamar sun yi sahu. Irin ta littattafaina sak, inda jaruma take saukowa daga bene a hankali, iska na kaɗa mayafinta. Yarinyar tawa kuwa lilo kawai ta gani.

Tun zuwanmu ƙasar nan, yau ne na fara ganin abin da raina ya biya.

Alhamis, 6 ga Maris

Makarantu biyu ne: ko ta unguwa, da ake koyarwa da yaren ƙasar, ko mai jar ƙofa ta 'ya'yan baƙi, da Turanci. Maƙwabciyata ta sama kuma ta dage in gwada karatun gida ta kwamfuta, kamar 'yan biyunta. Na hau na leƙa. Ɗaya yana ƙarƙashin tebur, ɗaya yana lasar allon. Na gode.

Maigida ta unguwa yake so, wai ta iya yaren ta riƙa yi mana tafinta a kasuwa. Na ce 'yar shekara biyar za ka ɗauka aiki? Ya ce littattafan nan sun gama da ni. Amma ya yarda! Gurbi ɗaya ya rage a ajinsu, kuma sai sun gana da uwa.

Asabar, 8 ga Maris

Na ƙona miya ina tsara yadda zan shiga ofishin.

Laraba, 12 ga Maris

Kaico.

Shugabar dattijuwa ce mai fara'a. Ta ba yarinyar takarda da fensir masu launi, sannan ta juyo gare ni: wai in faɗa mata sunan 'yata, da abin da ya fi burge ni game da ita.

'Yar fari fa! Kuma sunan surukata aka sa mata. Ban taɓa kiran sunan nan ba. "Ke" nake cewa, babanta ya ce "Mamana". A gidanmu uwa ba ta yabon ɗan fari, balle a gaban baƙo. Na sunkuyar da kai, na nuna sunan da yatsa a jikin jakarta, na ce ai ba wani abu, sai rigima da ɓarna.

Murmushin matar ya rage. Ta ce za su neme mu.

Ashe katun ɗin talabijin ya koya wa yarinyar Turanci fiye da zatona. A bas ta ƙi zama a cinyata. Muna sauka ta ce, "Umma, ni ɓarna kawai nake yi?"

Alhamis, 13 ga Maris

Na kira Inna. Ta ce daidai na yi, haka ta yi da Yaya kuma bai lalace ba. Can sai ta ƙara da cewa:

"Amma shi yana da kaka da gwaggo a tsakar gida, su suke yabonsa a madadina. Ita can wa gare ta?"

Ban buɗe littafi ba yau.

Talata, 18 ga Maris

Na koma, ba tare da an kira ni ba. A littafi jaruma takan yi jawabi har kowa ya share hawaye. Ni Turancina guduwa ya yi, gumi har cikin takalmi. Na dai yi bayanin kunyar gidanmu yadda na iya. Sannan na ce tana haddace waƙa da ji ɗaya. Na ce idan barci ya ɗauke ni ina karatu, takan cire littafin daga fuskata, ta sa cokali a shafin da na tsaya.

Shugabar ta yi dariya sosai. Yarinyar tana zane, ba ta ɗago ba. Kunnuwanta dai na nan.

A bas ta hau cinyata da kanta.

Juma'a, 21 ga Maris

AN BA MU! Na yi rawa a kicin da ludayi. Maigida ya ce yanzu sai a rubuta littafinmu.

Litinin, 1 ga Satumba

Ranar farko. Siket ɗin ya yi mata yawa, jakar ta kusa kai ta ƙasa, amma kyau kamar a bangon littafi. Ana buɗe jar ƙofar ta ruga cikin yara, ta bar gorar ruwanta a hannuna.

Na ce "Ke!" Ba ta ji ba. Yara sun cika fili, kowace "ke" ce.

To, ƙishirwa ba kyau. Saboda gorar ne kawai na kira sunan.

Ta tsaya cak, ta waiwayo tana neman mai muryar. Da ta ga ni ce, ta dawo a guje, ba ta ko kalli gorar ba. Ta ce, "Sake faɗa."

Na ce wuce, za ki makara.

Na dai faɗa, a hankali, wajen gyara mata kwala. Inna ba sai ta sani ba.