An Ce In Rage Wa 'Yata Shekara Biyu

Assalamu alaikum Anti Zulaihat. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kwana shida suka rage mini kuma kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Auyo, maigidana manomin shinkafa ne. 'Yata ta fari, bari in kira ta Mardiyya, tun tana ƙarama ba ta da aiki sai ƙwallo. Na yi faɗa, na yi duka, har sau biyu ina farke ƙwallon da wuƙa, Allah ya yafe mini. Da ta shiga sakandare a Haɗeja sai Allah ya haɗa ta da malamar wasanni, Malama Bashira. Anti, abin da matar nan ta yi mana ko wadda muka fito ciki ɗaya ba ta yi ba. Har gona ta zo ta durƙusa gaban baban yarinyar, ta nuna masa dogon wando da ɗankwalin da za ta riƙa sawa, sai da ya amince. Shekarar da ambaliya ta rushe mana gida, ita ta riƙe Mardiyya wata bakwai a ɗakinta, ci da sha, ba ta taɓa yi mana gori ba.

To makon jiya ta kira ni, wai an ga wasan Mardiyya a gasar makarantu, an gayyace ta Abuja. Can za a zaɓi 'yan matan da za su buga wa Najeriya wasannin share fage na Afirka, na 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, ƙasar da ta tsallake ta je gasar duniya. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Masu cewa na haifi namiji da zane, su suka fara zuwa yi mini barka.

Ga inda gizo ke saƙar. Mardiyya ta cika sha takwas tun damina, takardar haihuwarta kuma ruwa ya tafi da ita. Malama ta ce wannan ma sa'a ce, in je kotu in yi rantsuwar shekaru a rage biyu, wai kowa haka yake yi. Nan da kwana shida kuma za a kai takardun Abuja. Babanta ya ce ba ruwansa, ni na haife ta, ni na san ranar.

Na kuwa sani! A cikin kwale-kwale na haife ta, ruwa ya shanye hanya muna neman asibiti. Shu'ibu mai fito da ya tuƙa mu yana nan da ransa, har yau in ya gan ta sai ya ce ga fasinjarsa. Kuma na zauna na ƙirga, wata ashirin ne tsakaninta da ƙanwarta Sakinatu. In aka rage shekara biyu, Sakinatu ta zama yaya ke nan, da tazarar wata huɗu. Haba Anti, ko akuyata sai ta yi wata biyar.

Ina tsoron rantsuwa kan ƙarya, amma da wane ido zan kalli Malama in ce a'a? Ita kuma yarinyar ba ta cewa komai, kullum sai wanke takalmin ƙwallo tana shanyawa. In na ƙi, na zama butulu kuma na tare wa 'yata hanya. In na yarda, ya zan yi da Allah? Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Daga Uwar Mai Ƙwallo, Auyo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da farko ina taya ki murna. Daga cikin kwale-kwale zuwa gayyatar Abuja ba ƙaramar tafiya ba ce, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Amsata a taƙaice: kada ki yi rantsuwar nan. Zuciyarki ta riga ta faɗa miki, shi ya sa kika zauna ƙirga watanni. Bayan nauyin da ke tsakaninki da Allah, akwai na duniya. A irin waɗannan wasanni ƙasar da aka doke takan bi takardun 'yan wasa ta kai ƙara, in aka kama ƙaryar shekaru ana iya korar ƙungiya gaba ɗaya. Sunan Mardiyya za a kira ranar, ba na Malama ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle haihuwar da gari guda ya shaida. Ki kuma tuna akwai wata 'yar sha shida ta gaskiya da za a hana gurbin, ita ma tana da uwa.

Malama Bashira kuwa, ban ɗauke ta muguwa ba. Ta sha wahala kan yarinyar nan, tana tsoron damar ta wuce, sai son ya rufe mata ido. Ƙin bin ta a kuskure ɗaya ba butulci ba ne. Kada ki yi maganar a waya. Ki shirya ku je gidanta da maigidanki, wannan karon ba zai zame ba, 'yarsa ce. Ku riƙa mata 'yar sabuwar shinkafa, ki fara da godiya, ki ambaci wata bakwai ɗin nan da bakinki. Sannan ki ce ba za ki iya rantsewa ba, ki roƙe ta ta sanar da waɗanda suka yi gayyatar shekarun yarinyar na gaskiya. Akwai rukunin 'yan ƙasa da shekara ashirin, su ma suna da nasu wasannin share fage, Mardiyya kuma ba ta wuce su ba. Ban yi miki alkawarin za su ɗauke ta ba, amma ƙafar da suka gani tana nan.

Ki nemi sabuwar takardar haihuwa ta hanyar da ta dace. Rajistar firamare da shaidar mai unguwa za su taimaka. Kafin duk wannan, ki zaunar da Mardiyya yau ki faɗa mata da kanki. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi. Mai yiwuwa shirun nan nata ita ma abin yana cin ta.

Shekara biyun da ake so ki goge, ke kika goya ta a cikinsu, ke kika shayar da ita. Ki bar mata abinta. Allah ya saka wa Malama da alheri, ya sa wata rana mu ji an kira Mardiyya a rediyo ke kuma kina guɗa ba tare da fargabar kowa ba.

Taku,
Anti Zulaihat