Baƙin Laktaye

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya ɗinki, ya yara? Daga gadon asibiti nake rubuto miki, da ankwa a hannun hagu.

Kin san kamfani ya shirya liyafar karrama mu da muka shekara ashirin muna walda. A katin gayyatar an rubuta "baƙin laktaye". Na sayi laktaye baƙi ƙirin, na ɗaura kan shuɗiyar rigar da kika ɗinka min. A ƙofar otal mai gadi ya tare ni. Ya ce, "Malam, ƙofar masu kwasar shara tana baya." Na nuna masa kati. Ya damƙi laktayen ya shaƙe ni, yana ja na kamar akuya, manajoji suna wucewa suna dariya. Idona ya rufe. Na rarumi kwalba na fasa masa a fuska. Abokansa uku suka rufe ni da kulki. Haƙarƙari biyu sun karye, haƙora uku kuma na baro su a bakin ƙofa.

Ke tela ce, gaya min: ina kuskurena? Ba baƙi na ɗaura ba?

Ki gaida Inna.

Yayanki

Yaya,

Sannu, Allah ya ba ka lafiya. Na yi kuka har na kasa taka keken ɗinki.

Ai ba launin laktaye ake nufi ba! Sunan wata shiga ne ta liyafar dare: baƙar kwat mai sheƙi a wuya, farar shat, baƙin takalmi, da ɗan laktaye mai siffar malam-buɗe-littafi. Mata kuma doguwar riga har ƙasa. Duk wata sai na ɗinka irin wannan shigar. Da ka tambaye ni, kwana biyu sun ishe ni. Amma yaushe Yaya ya taɓa tambayar Auta?

Na je duba mai gadin. Idonsa na dama ya tsiyaye. Matarsa ta shara min mari a gaban likita, ɗankunne ya yaga min kunne.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka

Auta,

Ina gaisuwa. Alƙali ya ba ni shekara huɗu.

Mai gadin ya zo kotu da bandeji. Lauya ya tambaye shi ma'anar baƙin laktaye, ya ce wallahi shi ma bai sani ba. An dai ce masa ya kori duk wanda bai yi kama da manya ba.

Da aka zo wucewa da ni ta gabansa, ya tofa min yawu a fuska. Ban goge ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki