Ba Zan Faɗa Maka Ƙarshen Ba

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin, ya zaman asibiti? Ya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau. Har yanzu kwalaben ɗakin gwaje-gwaje nake wankewa, digirina yana bango yana kallona. Takardun zamana a ƙasar nan ba su fito ba, in na fita ba dawowa.

Na ga saƙonka, wai in faɗa maka ƙarshen littafi na uku, ko jirgin ya isa sabuwar duniyar. Kai da ka yi gaba da ni don na ce matuƙin zai mutu? Kai da kake toshe kunne in 'yan ƙungiyarku sun fara zancen fim?

Inna ta ce ana samun sauƙi, Kawu ya ce gajiya ce kawai. Sun iya ɓoye labari, tambayarka ce ta tona.

To, ba zan faɗa ba. Na aika littafin ta gidan waya, sun ce zai daɗe a hanya. Kauri gare shi, kuma ba ka da saurin karatu. Ka sha maganinka, ka jira shi.

Allah ya tashi kafaɗunka.

Yayarka