Wurin Ɗumi a Ɗakina

Litinin, 13 ga Janairu
Pyo Eun-sil ta fito a talabijin. Ɗalibata ta dā, yanzu farfesa ce. Wai Amurka ta gaji da gadin ƙawayenta, mu Koriya mu fara koyon tsayawa da ƙafarmu. Duk rayuwata akasin haka nake koyarwa, kuma tana zaune a layin gaba tana rubutawa. Ba ta ambaci sunana ba. Da ma ta ambata, da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 16 ga Janairu
Na ci taliya da Bang, abokina tun jami'a. Bakinsa bai tsufa ba. "Kai tsoho, ɗan hakin da ka raina ne," in ji shi. Na ce ban taɓa raina ta ba, shi ya sa abin yake ci na. Shi yana ganin sauyin Amurka na ɗan lokaci ne, kamar mura. Na so in yarda, amma ya faɗa ba ƙarfi.

Na tuna madarar garin da sojojin Amurka suke raba mana a firamare. Muna lashe ta a tafin hannu. Wataƙila madarar nake karewa, ba ilimi ba.

Asabar, 25 ga Janairu
Sabuwar shekararmu ta gargajiya ta matso. Dā ɗalibai kan cika falon nan su durƙusa su gaishe ni, takalma har bakin matakala, marigayiya matata tana ta zuba miyar wainar shinkafa. Bara mutum uku. Bana in Eun-sil ba ta zo ba, to mun rabu ke nan.

Lahadi, 26 ga Janairu
Na karanta maƙalar da Eun-sil ta rubuta a kan batun. Sau biyu. Haushi.

Laraba, 29 ga Janairu
Yau sabuwar shekara. Ta zo, ita kaɗai, da kwalin lemo. Ta kai goshi ƙasa kamar kullum. Ta ce, "Malam, in faɗa ne a yi mini, na shirya." Na ce shafi na tara rauni gare shi. Ta yi dariya, ta ce a wurina ta koyi neman rauni.

Na matsa, na zaunar da ita a kusurwar da daɓenmu mai wuta a ƙarƙashi ya fi ɗumi, inda babba ke zama. Ta ƙi, na nace, sai idonta ya kawo ruwa.

Ba wani abu ba ne. Gwiwata ce ba ta son zafi kwanan nan.